Bayan Kuskuren Ƙuruciya: Lacca ga Matasan Ka'oje da Iyayensu

   

Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya shelanta cewa tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta doshi naira 500, a wasu wuraren ma ta haura. Mutanen birni sun ji abin a kuɗin mota. A garuruwan bakin iyaka kuwa abin ya taɓa tukunya kai tsaye, domin shekara da shekaru akwai samarin da abincinsu yake cikin ratar farashin mai tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Benin. A ɗaure wa babur jarkoki har da ƙyar ake hango mai tuƙi, a ratsa daji cikin dare, a sauke ta wajen Segbana, a karɓo sefa. Lokacin da aka rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, shinkafa 'yar waje ta zama wata hanyar samun kuɗin dare ɗaya. Yaro yana aji biyu na sakandare ya ga sa'ansa ya sayi waya da sabon babur, sai ya ajiye littafi. Yau ratar ta tsuke, ribar ta ragu, shi kuma ya haura shekara 25 ba takardar makaranta, ba sana'ar da ya gama koyo. Wasu ma sun fito da abin da ba su shiga da shi ba, wato ƙwayar da aka fara haɗiya don a jure wa sanyi da barci a kan hanya.

Irin wannan saurayi ake nufi da laccar yau, shi da ɗan'uwansa na ruga wanda ya sayar da shanun mahaifinsa ya cinye a bariki, da yarinyar da ta yi tuntuɓe sau ɗaya gari ya ƙi mantawa. Abin da aka fi faɗi a kansu a majalisa shi ne hali zanen dutse. Maganar tana da daɗin faɗi, amma tarihin Musulunci kansa bai goyi bayanta ba.

A ƙarni na biyu bayan Hijira an yi wani ɗan fashi a ƙasar Khurasan mai suna Fudailu bin Iyad, yana tare hanya tsakanin garuruwan Abiwarda da Sarakhsa. Sunansa kaɗai ya isa ya hana ayari tafiyar dare. Masu tarihi sun ruwaito cewa wata rana yana haura katanga zuwa wajen wata yarinya da yake so, sai ya ji mai karatu yana karanta wata aya ta Suratul Hadid, wadda take tambayar muminai ko lokaci bai yi ba da zukatansu za su rusuna. Ya sauko. Ya fake a wani kango, ya tarar da fatake suna gardama, wasu na cewa a tashi, wasu na cewa a jira gari ya waye saboda Fudailu yana kan hanya. Ya ji da kunnensa abin da ya zama a bakin bayin Allah. Masu wa'azi sukan tsaya a nan, domin nan ne labarin ya fi taɓa zuciya. Amma abin da ya biyo baya ya fi tsawo, ya kuma fi wuya. Fudailu ya tafi Kufa ya durƙusa gaban malaman hadisi yana babba, cikin yaran da suka riga shi nisa. Ya koma Makka ya zauna har ya rasu a shekara ta 187 bayan Hijira. Imam Shafi'i da Abdullahi bin Mubarak suna cikin waɗanda suka ɗauki ilimi daga gare shi, Bukhari da Muslim sun kawo hadisai ta hanyarsa, Halifa Haruna Rashid ya taka har gidansa ya saurari nasiha yana kuka. Dare ɗaya ya isa mutum ya yi nadama, amma shekarun da suka raba ɗan fashin Sarakhsa da malamin Makka cike suke da wani abu da ya shiga ransa ya zauna, wato son hadisi.

Wannan shi ne abin da mai wannan lacca yake so a riƙe. Daina ɓarna rabin aiki ne. Manomi ya san gonar da aka nome aka bar ta ba shuka, ciyawa ce za ta dawo, ta ma fi ta da ƙarfi. Saurayin da ya bar ƙwaya ko fito, ya dawo gindin bishiya yana zaman kashe wando daga hantsi zuwa magariba, tsofaffin abokansa na wucewa suna ɗaga masa hannu, da wuya ya kai watanni. A hadisin mutumin da ya kashe rai 99, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, malamin da ya buɗe masa ƙofar tuba bai sallame shi haka nan ba, sai da ya umarce shi ya bar garinsu ya koma cikin mutanen kirki ya yi ibada tare da su. An ba shi wurin zuwa da abin yi.

Sau da yawa ma baiwar da mutum ya yi ɓarna da ita, ita ce jarinsa idan ya juyo. Ka'abu bin Zuhairu ɗan gidan waƙa ne, mahaifinsa yana cikin manyan mawaƙan Larabawa na Jahiliyya. Da ɗan'uwansa Bujairu ya musulunta, Ka'abu ya yi baitoci na suka har ya jefa kansa cikin haɗari. Daga baya ya zo Madina da kansa ya nemi afuwa, ya rera ƙasidar da almajiran zaure suka sani da Banat Su'adu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yafa masa mayafinsa. Ba a ce masa ya daina waƙa ba. Harshen nan dai da ya jawo masa fushi, shi ya samo masa mayafin.

A wannan zamani, labarin da ya fi fito da yadda sha'awa take gina mutum daki-daki shi ne na Malcolm X, baƙar fatar Amurka da aka haifa a 1925. Mahaifinsa ya mutu yana ɗan shekara 6, aka kai mahaifiyarsa asibitin masu taɓin hankali, aka rarraba 'ya'yan. Yaro ne mai ƙoƙari a aji. Da ya gaya wa wani malaminsa farar fata cewa lauya yake so ya zama, sai malamin ya ce wannan ba na baƙar fata ba ne, ya nemi kafinta. Ya bar makaranta, ya faɗa titunan Boston da New York, ya sha ƙwaya, ya sayar, ya yi caca, ya shiga fasa gidaje. A 1946, yana ɗan shekara 20, aka ɗaure shi. A kurkuku ya haɗu da wani fursuna mai yawan karatu wanda idan ya buɗe baki kowa yakan yi tsit, Malcolm ya ji yana so ya zama haka. Da ya ɗauki littafi sai ya tarar kalmomin sun fi ƙarfinsa, rubutun hannunsa ma abin kunya ne. Sai ya nemi ƙamus da takarda da fensir, ya fara kwafewa daga shafin farko, kalma bayan kalma, yana karanta wa kansa abin da ya rubuta. Bayan an kashe fitila yakan zauna a ƙasa kusa da ƙofa yana karatu da hasken baranda. Ya shiga ƙungiyar muhawara ta fursunoni. Da ya fito a 1952, yaron da bai wuce aji takwas ba ya zama mutumin da manyan jami'o'i suke gayyata. Bai tsaya da gyara a nan ba. Ƙungiyar da ya fara shiga da sunan Musulunci tana da aƙidun da suka saɓa wa addinin, kuma da ya gane haka ya bar ta a 1964, ya yi aikin Hajji, ya dawo da sunan Alhaji Malik El-Shabazz. A wannan shekarar ya zo Najeriya ya yi jawabi a Jami'ar Ibadan. An harbe shi a Fabrairu 1965 yana da shekara 39.

A lura da abin da ya yi da ƙamus ɗin nan. Babu daɗi a kwafe ƙamus. Abin da ke bambanta sha'awa ta gaskiya da ɗokin kwana biyu shi ne mai ita yakan jure wa ɓangaren aikin da ba daɗi, ba kuɗi, ba mai kallo. Yaron da ya ce yana son ƙwallo amma ba ya son gudun asuba, tafi yake so. Wanda ya ce yana son kanikanci, a duba ko zai iya wata shida yana wanke sassan inji da miƙa sifana ba tare da ya gudu ba.

Masu son dambe sun san Anthony Joshua, wanda asalin iyayensa Shagamu ne a Jihar Ogun. A Ingila ya tashi, cikin rigingimun titi, har aka taɓa tsare shi a 2009. Sai da ya kai shekara 18 wani ɗan'uwansa ya ja shi zuwa wurin koyon dambe. Ga wurin da labarinsa yake da amfani ga iyaye: a 2011, bayan ya riga ya shiga tawagar damben Birtaniya, 'yan sanda suka kama shi da tabar wiwi. Aka dakatar da shi, kotu ta yanke masa aikin al'umma na awa 100. Wato samun abin so bai hana shi sake zamewa ba. Abin da ya yi masa shi ne ya ba shi abin da zai ji tsoron rasawa. Masu horar da shi ba su yar da shi ba, ya dawo, a 2012 ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan, a 2017 ya doke Wladimir Klitschko a filin Wembley gaban mutum kusan 90,000. Uban da ɗansa ya fara gyaruwa sannan ya sake tuntuɓe, kada ya ce aikin ya rushe. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A nan gida Jihar Kabi, dattawa sun san marigayi Alhaji Muhammadu Gambo na Fagada a ƙasar Maiyama, wanda duniya ta sani da Gambu mai waƙar ɓarayi. Allah ya ba shi harshe da hikimar da masana Hausa a jami'o'i suke nazari har yau. Ya shafe ƙarfinsa yana wasa mutanen da talaka ke kwana da fargabarsu, daga baya ya fito ya ce ya tuba ya bar wannan waƙa, ya rasu a 2016, Allah ya gafarta masa. Tubarsa abin girmamawa ce, domin barin abin da ya ba mutum suna ya fi barin abin da ba wanda ya san shi da shi wuya. Amma duk mai son harshen Hausa zai ji zafin shekarun da suka tafi. Wanda yake da shekara 25 a yau yana da abin da Gambu ba shi da shi ranar da ya juyo, wato lokaci.

To, mene ne a hannun saurayin bakin iyaka? Ya fi abin da shi kansa yake zato. Ya san injin babur ciki da waje, domin wanda babur ya mace masa a tsakiyar daji da tsakar dare dole ya koyi gyara. Yana jin Hausa da Fulatanci, da yawa suna taɓa Dandanci da harsunan Bargu da ɗan Faransancin kasuwa. Yana juya naira zuwa sefa a ka, ya san wa ke saye, wa ke biya, wa ke cin amana a kasuwannin ƙasa biyu. Wannan ilimi ne da ɗan birni mai digiri ba shi da shi. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kabi a Nuwamba 2015, noman rani ya bunƙasa a fadamun jihar, duk da tuntuɓen da shirin ya yi wajen biyan bashi, aka kuma buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a Argungu a 2017. Kowace fadama a bakin kogin Kwara tana buƙatar injin ban-ruwa, kowane inji yana buƙatar mai gyara, kuma tsadar mai ta sa manoma sun fara komawa ga injin mai aiki da hasken rana, wanda masu iya haɗa shi ba su da yawa a karkara. Hannun da ya iya kwance kafireta zai iya koyon wannan. Wanda kuma ciniki ne a jininsa, hanyar halal tsakanin Najeriya da Benin a buɗe take ga mai takarda: albasa, hatsi, dabbobi, kayan masarufi, ta ƙofar kwastan da rana tsaka. Ribar ba ta kai ta dare ba, amma mai ita yana kwana a gida. Ɗan Fulanin da ya san saniya tun yana rarrafe, ya san alamar ciwo kafin ta kwanta, rabin aikin malamin dabbobi yana kansa, saura karatun allura da magani.

Sai dai akwai wanda shawarar sana'a ba za ta ishe shi ba tukuna. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3, masu shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga ciki irin su taramol suka sha, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. A watan Mayu na 2018 gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. Wanda ƙwaya ta kama jikinsa mara lafiya ne, idan ya daina jikinsa zai yi ciwo na gaske, kuma asibiti ne wurinsa, irin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato. Mari da bulala ba magani ba ne. A Satumba 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabo a baya, kuma iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da kuɗinsu, da kyakkyawar niyya. Allah ya kiyaye iyayen wannan yanki daga irin wannan nadama.

Ga 'yan mata kuwa ƙofar ta fi ƙunci, kuma wannan zalunci ne da ya kamata a kira shi da sunansa. Namiji ya yi shekara goma yana ɓarna, ya dawo, a ba shi mata. Mace ta yi kuskure guda, a bi ta da shi har jikokinta. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta Kano ba kuskurenta ba ne ya tsayar da ita, cire ta aka yi daga makaranta aka aurar da ita tana 'yar shekara 13, auren kuma bai ɗore ba. Amma hanyar da ta bi ta dawo a buɗe take ga kowace mace da karatu ya kuɓuce mata, ko ta wace hanya. Ta shiga ajin yaƙi da jahilci tana babba, ta kamu da son rubutu, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? A 2012 aka buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Turanci a ƙasar Indiya. Kuma wannan ƙasa ta Gwandu da Sakkwato ba baƙuwa ba ce ga karatun manyan mata, domin tun ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu take tura jajis ƙauyuka, suna koyar da mata ta tsarin 'Yan Taru.

Iyaye suna da rabonsu a nan, kuma ba kaɗan ba. Yaro yakan nuna abin da yake so tun da wuri, sai dai a kira shi ɓarna. Wanda ke kwance rediyon gida, wanda ke zane a bango da gawayi, wadda ke yanka tsumma tana ɗinka wa 'yar tsana riga, duka suke sha maimakon a kai su wurin mai sana'ar. Malamin da ya ce wa Malcolm ya manta da zama lauya bai zage shi ba, yana ganin ma taimakonsa ya yi, amma jimla ɗaya ta isa ta raba yaro da aji. Irin wannan jimla ana faɗin ta kullum a gidajenmu da makarantunmu.

Shi kuma mai dawowa, akwai bashin da sha'awa ba ta biya masa. Malamai sun ce idan laifi ya shafi haƙƙin wani, tuba ba ta cika sai an mayar da haƙƙin ko an nemi yafiya. Wanda ya sayar da shanun gidansu ya fara mayar da maraƙi ɗaya daga ribar farko. Wanda ya cinye kuɗin abokin ciniki ya je da ƙafarsa ya yi magana, ko da zai biya kaɗan-kaɗan. Jama'a ba za su yarda da shi a wata ɗaya ba, kuma suna da hujja, kada ya yi fushi da wannan.

Ta fuskar takarda, hanya ba ta toshe ba. Hukumomin WAEC da NECO suna shirya jarrabawa ta musamman ga waɗanda ba sa makaranta, yawan shekaru kuma ba ya hana mutum. NABTEB tana ba masu sana'ar hannu shaidar ƙwarewa. Daga nan akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kabi, da jami'ar jiha a Aliero, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa wadda mutum zai yi karatu yana kan sana'arsa. Amma matakin farko yana nan cikin gari, a hannun mutanen da ke zaune a wannan taro. Kanikawa, teloli, masu walda, magina, dillalan shanu, manyan manoman fadama, kowannenku ya san aƙalla saurayi ɗaya da ake nunawa da baki. Roƙon da ake yi muku shi ne kowa ya ɗauki guda ɗaya, ya tambaye shi abin da ransa yake so kafin ya ba shi aiki, ya sa masa lokacin zuwa da na tashi, ya riƙa ba shi ɗan abin sabulu a ƙarshen mako. Idan ya yi fashin kwana biyu, a aika yaro gidansu a kira shi.